Igiyar Baraka da Akwatin Harbi

Har yau in na ji ana yabon zamanin man fetur, ana cewa kuɗi sun zagaya kowa ya sha daɗi, sai in ji raina ya ɓaci. Daɗin mi? Mu dai a Ƙofar Guga abin da zamanin nan ya kawo mana shi ne wani baƙin akwati mai tsawon mutum, kuma a kansa aka ɗora auren ƙanwata Baraka.

Sunana Lado, tela ne ni. A lokacin shaguna uku ne a jere a bakin titi: nawa, sai na Alhaji Dabo mai sayar da lemon kwalba a tsakiya, sai na Istifanus mai gyaran rediyo, mutumin Zonkwa da ya daɗe a cikinmu har Katsinancinsa ya fi na wasu 'yan gari. Katako ne kawai ya raba shagon Alhaji da na Istifanus. Shekarar da aka koma mulkin farar hula Alhaji Dabo ya tafi Ikko saro kaya, ya dawo da akwatin nan a bayan a-kori-kura, an naɗe shi da bargo. Da aka jona masa wuta sai ga gilashi irin na talabijin, ƙasansa wata ƙaramar sanda ta turawa da jan maɓalli. Ka jefa sule a wata 'yar kafa, sai wasu halittu masu kama da fari su jeru a sama suna saukowa, kai kuma kana ƙasa da 'yar bindiga kana harbinsu. In ka gama da su wasu su fito, sun fi na farko sauri. In suka taɓa ka sau uku, sulenka ya tafi. Yara suka sa masa suna akwatin harbi, sunan ya bi shi.

Ni ma na taɓa shi sau ɗaya, ba zan ɓoye ba. Talabijin kai ke kallonta, ba ruwanta da kai, ko ka tashi ka fita za ta ci gaba da surutunta. Wannan kuwa ka tura sanda hagu ya yi hagu, ka danna ya harba, sai ka ji kamar yana jin maganarka. In ka mutu ba ka ganin laifinsa, laifin hannunka kake gani. Na lura da haka, na ce ba da ni ba, na koma kan kekena.

Tanko mijin Baraka kafinta ne, kuma a shekarun nan kafinta bai rasa aiki ba, kowa gini yake yana neman ƙofa da taga. Amma ba da kafinta aka san shi ba, da dara aka san shi. Gindin itacen bedi na bakin ganuwa, inda dattawa ke haƙa ramuka bayan la'asar su jera tsinke da tsakuwa, nan ne fadarsa. Daga Ƙofar 'Yandaka har Batagarawa ana zuwa a gwada shi, a koma da kunya. Ba mugu ba ne, wallahi ba mugu ba ne. Bakinsa ne kawai ya fi hankalinsa sauri. Sau biyu yana sakin Baraka cikin fushi, sau biyu yana zuwa zaurenmu yana kuka a mayar masa. Kowa a unguwa ya san igiya ɗaya ta rage a auren, in ta tsinke babu kome.

Akwai wata al'ada a gindin bedin nan da ya kamata ka sani. In dattijo ya shiga uku a dara, an rufe shi, kowa ya ga za a cinye shi a gaban 'ya'yan cikinsa, sai wani daga cikin 'yan kallo ya miƙe kamar zai tafi, bakin rigarsa ya share ramukan. Sai a ce, "Kash, wasa ya ɓaci!" Dattijon ya san abin da aka yi, wanda ke cin sa ya sani, kowa ya sani, ba mai faɗi. A kakkaɓe riguna a tafi masallaci. Tanko da kansa ya share wa tsofaffi ramuka ba sau ɗaya ba.

Ranar da abin ya faru farkon watan Sha'aban ne, damina ta kankama. Samari suka yi ta zuga shi a kan ya zo ya gwada akwatin, tunda shi ne sarkin wasa. Ya zo yana dariya, ya naɗe hannun riga, ya jefa sule. Kafin ya gane ina hagu ina dama an cinye shi. Ya sake jefawa, aka sake cinye shi. Samarin suka bushe da dariya, har da masu riƙe ciki. Alhaji Dabo, Allah ya gafarta masa, da ya ja bakinsa da ba a kai nan ba, amma sai ya ce, "Malam Tanko, nan fa ba rami da tsinke ba ne. Wanga aikin Bature ne, sai masu ƙwaƙwalwa."

Ina shagona na ji muryar Tanko ta tashi. Na san muryar nan, na jefar da almakashi na fito da gudu, amma na makara. Yana tsaye ya ɗora hannu a kan akwatin, idonsa ja, ya ce, "Ku shaida! In watan azumi ya tsaya ban ga ƙarshen wanga wasa ba, Baraka ta saku!"

Na cakumi wuyan rigarsa na ce, "Kai wane irin mahaukaci ne? Mi ta yi maka? Tana gida tana daka maka, kai kana nan kana caca da ita?" Sai da mutane suka ɓamɓare ni. Shi kuwa har a lokacin bai ga girman abin ba, cewa yake, "Haba Yaya, wata guda fa. Wasa ne, mutum ya yi shi."

Washegari na je wurin Malam Idi limamin unguwarmu, na zayyana masa komai, ina fatan ya ce maganar fushi ce ba ta ɗauru ba. Ya tambaye ni kalmomin da Tanko ya furta, na maimaita. Ya tambayi ko da shaidu, na ce shago cike. Ya gyara zama a kan buzunsa, ya ce, "Malam Lado, saki ba a yi masa wasa. Magana ta fita, ta ɗauru. Ku yi masa addu'a ya ga ƙarshen abin kafin wata."

Daga nan na wuce wurin Istifanus. Na tarar da shi da ƙarfen narka dalma a hannu. Na ce, "Malam Istifanus, kai ka san cikin waɗannan abubuwa. Sau nawa mutum zai kashe farin nan ya kai ƙarshe?"

Ya ajiye ƙarfen, ya ce, "Zauna tukuna." Da mutum ya ce maka zauna tukuna ka san ba alheri. Ya ce ya taɓa gyara irinsa a wani otal a Kaduna, ya kwana biyu yana bincikarsa. "Dara tana ƙarewa ne don tsinken abokin wasanka yana ƙarewa. Wannan farin ba a wani wuri aka tara su ba da za a ce sun ƙare, akwatin ne ke zana su duk sanda ya ga dama. Ka kashe jeri ɗaya ya zana wani, ya ƙara musu sauri, har sai hannunka ya kasa. Wanda ya ƙera shi ba ya so ka ci, ba ya kuma so ka fid da rai. Ya auna shi ne yadda kullum za ka mutu kana cewa saura kaɗan."

Na ce, "To ina amfanin wasan da ba a ci?"

Ya ja ni ƙofar shagon Alhaji, ya nuna min 'yar kafar da ake jefa sule.

Na kai wa Tanko maganar nan da zafinta. Ka san abin da ya ce min? Wai Istifanus rediyo ya sani, bai san wasa ba. Wai babu wasan da ba shi da ƙarshe, sai dai ba a samu gwani ba. Na zage shi, zagin da ban taɓa yi wa suruki ba, ya sunkuyar da kai har na gama, ya juya ya jefa sule.

Abin takaicin, ya ƙware. Wallahi ya ƙware. Ya rufe shagon kafinta, masu ƙofofi suna ta sintiri, shi yana gaban akwati daga buɗewar Alhaji har rufewa, salla kaɗai ke ɗaga shi. Babban yatsansa ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta. Ya rame, wuya ya fito. Samarin da suka yi masa dariya suka koma tsayawa a bayansa baki buɗe, don ya kai inda ba wanda ya taɓa kaiwa, inda farin ke zubowa kamar an kwance bakin buhu. Wata rana da aka ɗauke wuta ya zauna a kan bencina yana murza ido, ya ce, "Yaya, a dara fuskar mutum nake karantawa. In ya ji tsoro na sani, in ya gaji na sani. Wanga abu ba shi da fuska, ba ya gajiya, ba ya jin kunyar kowa." Na ce to ka gane ke nan. Ya ce, "Amma na fara jin takunsa. Saura kaɗan." Na tuna maganar Istifanus.

Baraka kuwa ba ta taɓa ɗaga maganar ba. In na leƙa gidan sai in tarar da ita a tsakar gida da hula a hannu tana ɗinki, 'ya'yanta uku na kewaye da ita. Ta shimfiɗa min tabarma, ta gaishe ni, ta tambayi gida da aiki da ruwan sama, ta kawo fura. Sau ɗaya na ce, "Baraka, ki yi haƙuri." Ta ce, "Yaya, sha furarka kada ta tsinke." Rifkatu matar Istifanus ce ke zuwa yi mata kitso, su biyun sun shaƙu ƙwarai, na san dai ba ta rasa mai gaya mata abin da ake ciki ba.

Da watan ya kusa ƙarewa na daina barci. Sai dabara ta zo min, kuma ba wata sabuwar dabara ba ce, ita ce dai ta gindin bedi. Na ce wa Istifanus, tunda abin ba shi da ƙarshe, mu yi masa. Ya ce shi ba zai iya taɓa ƙwaƙwalwar akwatin ba, amma zai iya zaro waya ta bayansa, ya huda katako ya shigo da ita shagonsa. In ya haɗa ta, gilashin zai yi fari fat, ya kuma sa wata ƙararrawa ta kaɗa daga ciki. Ba wanda ya san kamannin ƙarshen, don haka duk abin da aka gani shi ne. Alhaji Dabo ya yarda nan take, don kunya ta fara cin sa, ko da yake kunyar ba ta hana shi kwashe sulalla kowace yamma ba. Na bi dattawan dara ɗaya bayan ɗaya na ce su zo su cika shago su yi shaida. Ba wanda na yi wa dogon bayani, da na ce "za a share ramuka" sai su kaɗa kai. Muka shirya cewa in Tanko ya kashe farar ƙarshe a jerin da bai taɓa wucewa ba, zan ɗaga murya in ce "Ya ci!", Istifanus na bayan katako ya haɗa waya.

Ranar ashirin da tara ga wata aka tashi da hadari, na ji daɗi, na ce ko ba komai gajimare zai ɓoye wata a ƙara mana kwana. Bayan la'asar shago ya cika, har waje. Tanko ya zo da farar riga, bai gai da kowa ba. Ya yi bisimilla ya jefa sule. Ban taɓa ganin hannu na aiki irin na ranar ba. Bai rasa rai ko ɗaya ba har ya wuce inda ya saba mutuwa. Ya shiga sabon jeri, gumi na ɗiga daga haɓarsa, farin na raguwa, na cika ƙirjina da iska ina jira.

To amma ka san 'yan kallon dara. Ba su taɓa iya riƙe bakinsu har a ajiye tsinke ba, kullum sai sun riga mai wasa. Wani tsoho daga baya, da ko gilashin ba ya gani sosai, ya ga an yi tsit, sai ya kwarma, "Ya ci!" Istifanus bai ga komai ba, murya kawai ya ji. Gilashi ya yi fari, ƙararrawa ta ɗauka.

Shago ya kaure. Ana kabbara, ana tafi, Alhaji Dabo na buɗe lemo kyauta, samari suka zo za su ɗaga Tanko sama. Ni ma na shiga ihun, na rungume shi ina cewa, "Alhamdu lillahi, ka fita!" Sai na ji jikinsa sandare kamar icce. Hannunsa na kan sandar, idonsa na kan farin gilashin.

Ya ce, "Saura ɗaya."

Na ce, "Wane ɗaya? Ka gama da su, kowa ya gani."

"Akwai ɗaya a gefen hagu. Ban harbe ta ba."

Dattawa suka yi caa, wannan na cewa da idonsa ya ga ta fashe, wancan na cewa haske ne ya ɗauke masa ido. Ya juyo ya dube su ɗaya bayan ɗaya, mutanen da ya yi shekaru yana karanta fuskokinsu, sai ihun ya fara mutuwa. Na ja shi gefe na rage murya. Na ce, "Tanko, don girman Allah ka yi shiru. Kai da rigarka ka share wa tsofaffi ramuka, ba wanda ya taɓa tona wa wani. Yau kai aka share wa. Ka kakkaɓe rigarka ka tafi gida wurin iyalinka."

Hawaye suka cika masa ido. Ya ce, "Yaya, waccan dara ce, kunya ce kaɗai a ciki. Wannan in na yi shiru, da wa zan zauna gobe? Ka yarda ƙanwarka ta zauna a ɗakina ba aure, ina sane, ga azumi a baki?"

Na so in mare shi, na so in durƙusa masa, na rasa wanda zan yi. Ya ƙwanƙwasa katakon ya ce, "Istifanus, na gode. Cire wayarka." Aka ji motsi a baya, ƙararrawa ta tsaya, gilashi ya koma baƙi. Dattawa suka fara zamewa ɗaya ɗaya, ba sallama. Ya laluba aljihu ya jefa wani sule.

Muka yi magariba a gaban shago, ya idar ya koma ciki. Ni ina waje na kafa wa yamma ido ina roƙon Allah hadarin nan ya tsaya inda yake. Sai iska ta taso, gajimaren ya tsage daidai saman ganuwa. Yaran da suka hau can suka fara tsalle suna nunawa: "Ga shi! Ga shi!" Na gan shi ni ma, siriri, ba shakka a cikinsa. Gari ya ɗauki murna, ana ta yi wa juna barka.

Tanko ya ji. Yana tsakiyar wasa, ransa uku cif. Ya saki sandar, ya sauke hannuwansa, ya tsaya yana kallo har farin suka sauko suka cinye 'yar bindigar, suka sake, suka sake. Sannan ya zame ya zauna a ƙasa ya jingina da akwatin.

Ni aka bar wa zuwa gidan. Duk hanya ina shirya yadda zan faɗa mata, ashe ba sai na faɗa ba. Na tarar da ita zaune a kan ɗaurin kaya, ta yafa mayafi, yaran sun sa takalma. Kwanukanta na jere an ɗaure su da tsumma, kuma da gani ba ɗaurin yau ba ne. A bakin murhu ga tukunya a rufe, ta dama masa kunun sahur ta ajiye.

Ta ce, "Bai yarda ba ko?"

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

"Rifkatu. Tun ranar da mijinta ya ce abin ba ya ƙarewa na fara ɗaure kaya. Da ta gaya min dabararku sai na kwance tabarma ɗaya, na ce ko Allah zai sa." Ta ɗaga ƙaramar ta goya. "Shekara goma sha biyar yana min ƙarya, Yaya. Ya ce yana wurin aiki alhali yana gindin bedi, ya ce ya ci abinci a waje alhali fushi yake. Yau ɗaya da na roƙi Allah ya sa ya yi min ƙarya, yau ya ga dama ya faɗi gaskiya."

Nan ne na yi kuka, ni da na zo rarrashi. Ita ba ta yi ba. Ta ja ƙofar ɗakin, ta saƙala makulli a ƙusa inda zai gani.

Hanyar gidanmu ta gaban shagunan take bi, ba yadda za a kauce. Na ɗauki kaya a ka ina sauri don mu wuce, sai na ji takunta ya tsaya. Ƙwan lantarki na ci a shagon Alhaji. Tanko na nan zaune a ƙasa, kansa cikin gwiwa, wani saurayi kuma ya riga ya tsallake ƙafafunsa ya kama sandar yana harbi. Sai a lokacin na tuna Baraka ba ta taɓa ganin akwatin ba.

Ta ce, "Shi ne wannan?"

Na ce, "Shi ne."

Ta daɗe tana kallon akwatin. Ba ta dubi mutumin da ke ƙasa ba ko sau ɗaya.

Ta ce, "Na ɗauka ya fi haka girma." Ta gyara goyonta, ta kama hannun babbar, muka wuce.